Tawali'u Daban, Raina Kai Daban

Duk wanda ya saba zuwa addu'ar safe ko ta tsakiyar mako a majami'unmu na Arewa ya san yadda ake buɗe addu'a. "Ya Uba, mu ba kome ba ne a gabanka. Mu tsutsotsi ne, mu tsummoki ne, ba mu isa ko ambaton sunanka ba." Jama'a su amsa da amin. Akwai gaskiya a ciki, domin babu ɗan Adam da zai tsaya gaban Mahaliccinsa yana bugun ƙirji. Abin da ke damuna shi ne, da yawa daga cikinmu ba a gaban Allah kaɗai suke faɗin wannan magana ba. Sun fito da ita daga majami'a sun kai ta gida, sun kai ta wurin aiki, sun kai ta gaban miji da gaban surukai da gaban duk mai ɗan iko. Sun yarda har zuci cewa su ba kome ba ne, saboda haka duk abin da aka yi musu daidai ne, duk abin da aka hana su ma dama bai kamace su ba.

Ra'ayina a fili yake. Kirista yana da izini, har ma wajibi ne a kansa, ya san darajarsa, ya ƙaunaci ran da Allah ya ba shi, ya kula da shi. Ikilisiyar da ta koya wa 'ya'yanta raina kai da sunan tawali'u ta cuce su, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ta yi.

Mu fara duba inda muka samo kalmomin addu'ar nan. Wanda ya ce mutum tsutsa ne a littafin Ayuba, sura 25, shi ne Bildad, ɗaya daga cikin abokan nan uku da suka zo ta'aziyya suka ƙare da ɗora wa mai ciwo laifi. A sura 42 Allah da kansa ya ce ya husata da su domin ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Mai Zabura ta 22 da ya ce shi tsutsa ne ba mutum ba, kuka yake yi a kan yadda mutane suka mai da shi abin ba'a. Tsummokin da Ishaya ya ambata a sura 64 kuwa ayyukan adalcinmu ne da muke taƙama da su, ba a kan halittar mutum yake magana ba. Ibrahim ya kira kansa ƙura da toka a Farawa 18, gaskiya ne, amma a wane hali? A daidai lokacin da ya tsaya yana roƙon Allah saboda Saduma, yana rage adadi daga hamsin har ya kai goma. Ya san shi ƙura ne, ya kuma san yana da bakin magana a gaban Ubangijin sama da ƙasa. Wannan tawali'un na biyu shi ne muka rasa.

Littafi Mai Tsarki bai fara labarin mutum da zunubi ba. Ya fara da cewa Allah ya halicci mutum cikin siffarsa, namiji da ta mace, ya dubi abin da ya yi ya ga yana da kyau ƙwarai. Wasu za su ce ai wannan kafin faɗuwa ne. To, bayan faɗuwa da bayan ruwan tsufana, a Farawa 9:6, dalilin da aka bayar na haramta zub da jinin mutum shi ne har yanzu cikin siffar Allah aka yi shi. A Sabon Alkawari Yakubu ya tsawata wa masu yabon Allah da harshen da suke zagin mutane da shi, ya ce mutanen nan cikin kamannin Allah aka yi su. Idan zagin wani laifi ne saboda wannan dalili, ban ga yadda zagin kai zai zama ibada ba. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna karanta a Suratul Isra'i cewa Allah ya karrama 'yan Adam, don haka batun ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Abin da bangaskiyar Kirista ta ƙara a kai shi ne gicciye: tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu, in ji Bulus a Romawa 5:8. Darajar da aka ba mutum tun bai yi kome ba, tun yana cikin tawaye ma, rashin aiki ko rashin haihuwa ko faɗuwa jarrabawa ba su isa su ƙwace ta ba.

Sai umarnin da kowane ɗan makarantar Lahadi ya haddace, cewa ka ƙaunaci maƙwabcinka kamar kanka. Yesu ya ɗauko shi daga Littafin Firistoci 19:18 ya ajiye shi kusa da umarnin ƙaunar Allah. A umarnin nan, yadda mutum ya ɗauki kansa shi ne mudun da zai auna wa maƙwabcinsa da shi. In mudun ya lotse, kowa ya zo awo gidanka zai koma da tauyayyen hatsi. Mun sha ganin haka. Uban da ya tashi ana ce masa ba shi da amfani, da wuya bakinsa ya iya furta "madalla, ɗana" ko sau ɗaya. Shugaban da ke jin shi bai isa ba, shi ne ba ya iya jure wa ƙaramin da ya fi shi baiwa, sai ya danne shi. Uwar da ta tsani kanta tana iya yi wa 'ya'yanta hidima dare da rana, amma hidimar tana tafe da mita da gori, yaran su girma suna jin kamar bashi aka ɗora musu.

Na san abin da dattawa masu tsoron Allah za su ce, kuma ba zan yi kamar maganarsu ba ta da nauyi ba. Za su ce Yesu ya ce duk mai son binsa sai ya yi musun kansa ya ɗauki gicciyensa kowace rana. Za su ce Bulus ya gargaɗi Timoti cewa a kwanakin ƙarshe mutane za su zama masu son kansu, masu son kuɗi, masu fahariya. Za su ce an rubuta wa Filibiyawa kowa ya ɗauki ɗan'uwansa ya fi shi. Duk haka ne, kuma duk wanda ya leƙa Facebook ko TikTok ya ga irin koyarwar da ke yawo da sunan ƙaunar kai zai fahimci tsoronsu: ka rabu da duk wanda bai yi maka daɗi ba, ba wanda yake binka uzuri, kai ne farko kai ne ƙarshe. Wannan ba bishara ba ce, kuma ba ita nake karewa ba. Mutumin da ya mai da kansa tsakiyar duniya zai ƙare shi kaɗai.

Amma a dubi yadda Yahaya ya ba da labarin wankin ƙafafu a sura 13. Kafin ya ce Yesu ya tashi ya ɗaura mayafi, sai da ya fara cewa Yesu ya san Uba ya ba da kome a hannunsa, ya san daga wurin Allah ya fito, wurin Allah kuma zai koma. Da wannan sanin ya durƙusa gaban almajiransa. A wani wuri ya ce ba mai ƙwace ransa daga gare shi, shi ne yake ba da shi don kansa. Musun kai na gaskiya sai wanda ya san yana da abin bayarwa. Wanda aka riga aka murƙushe, aka cire masa duk wani sanin cewa shi mutum ne, in ya yi shiru ana taka shi ba sadaukarwa ya yi ba, rasa yadda zai yi ya yi. Ayar Filibiyawan ma da ake kafa hujja da ita, ta gaba da ita cewa ta yi kada kowa ya kula da harkar kansa kaɗai, sai dai har da ta waɗansu. Ba a ce a yi watsi da ta kai ba. A Romawa 12:3 kuma Bulus ya hana mutum ɗaukar kansa fiye da yadda ya kamata, ya ce a auna kai da natsuwa, daga nan ya shiga lissafa baye-bayen da kowa ya samu don ya yi aiki da su. Mai girman kai ya yi ƙarya wajen awo, mai raina kai ma ya yi ƙarya. Wani malamin ikilisiya na ƙarni na 12 a Faransa, Barnad na Kilabo, da ya jera matakan ƙauna guda huɗu, abin da ya sa a can ƙoli shi ne mutum ya kai ga ƙaunar kansa saboda Allah. Ashe tun kafin masu ilimin halayyar ɗan Adam na zamani, masu bi sun daɗe suna tunani a kan wannan.

Da a ce gardamar ta tsaya a aji ne tsakanin masana tauhidi, da ban ɗauki alƙalami ba. Akwai masu biyan kuɗin wannan koyarwa da jikinsu, kuma yawancinsu mata ne.

Akwai wata uwa a zumuntar mata da na sani, kuma na tabbata kowace ikilisiya tana da irinta. Ita ke fara zuwa sharar majami'a ranar Asabar. In an yi rasuwa, ita ce a bakin murhu tun asuba, hayaƙi na cin idonta. In an yi biki, ita ke wanke tukwane bayan kowa ya watse. A gidanta ita ke raba nama, na maigida, na yara, na baƙo, ita kuma ta sa hannu a romo ta kankare ƙanzo. Ƙafafunta sun daɗe da kumbura, an auna ta an ce hawan jini ne, an rubuta mata magani. Ta ninke takardar ta sa a cikin Littafinta. Ka tambaye ta, "Mama, kin sayi maganin?" sai ta gyara ɗankwali ta ce, "Ɗana, ni wace ce? Kuɗin makarantar yara ma bai cika ba. Allah yana nan." Duk ikilisiya na yabonta, ana kafa misali da ita a ranar mata. Ban taɓa jin wanda ya hau bagade ya ce mata jikinta haikalin Ruhu Mai Tsarki ne, kuma shan maganinta yana cikin yi wa Allah biyayya ba. Muna son hidimarta, shi ya sa ba ma so ta gane cewa ita ma tana cikin waɗanda ya kamata a yi wa hidima.

Abin ya fi muni in aka zo batun duka a gidan aure. Mace za ta zo wurin Baba Fasto ko matarsa da kumburarren ido, a zaunar da ita a ce, "Ki yi haƙuri, 'yata, haƙuri maganin zaman duniya. Gicciyenki ke nan. Ki ƙara addu'a, ki daina mayar masa da magana." Ta koma. A watan Afrilun 2022 mawaƙiyar bishara Osinachi Nwachukwu ta rasu a Abuja, 'yan'uwanta da abokan aikinta suka fito suka ba da shaidar irin azabar da ta sha a gidan aure tana ɓoyewa. A Afrilun 2025 wata babbar kotu a Abuja ta sami mijinta da laifi ta yanke masa hukuncin kisa. Ita an san ta, shi ya sa duniya ta ji. Waɗanda ake binnewa a ƙauyukanmu a ce gajeruwar rashin lafiya ce fa? Tun 2015 Najeriya take da dokar hana cin zarafin mutane, amma doka ba ta amfanin wadda aka koya wa cewa kai ƙara rashin bangaskiya ne.

Ubangijin da muke bi, lokacin da wani dogari ya mare shi a gaban babban firist, bai rama ba, amma bai haɗiye ba. Ya ce in ya faɗi mugun abu a nuna, in kuwa daidai ya faɗa, don me aka mare shi? Bulus da Sila, bayan an yi musu bulala a bainar jama'a a Filibi an jefa su kurkuku, da gari ya waye aka aiko a sallame su a ɓoye, Bulus ya ƙi. Ya ce an doke su ba tare da shari'a ba alhali su 'yan ƙasar Roma ne, sai mahukuntan sun zo da kansu sun fitar da su. Suka kuwa zo suka ba da haƙuri. Wannan manzon ne ya rubuta babin ƙauna, wato 1 Korantiyawa 13, shi ne kuma ya kira kansa mafi ƙanƙanta cikin manzanni. Bai ga wani saɓani tsakanin hakan da tsayawa kan mutuncinsa ba. A Afisawa 5, inda ake yawan karanto wa amare biyayya, an ce wa miji ya ƙaunaci matarsa kamar jikinsa, domin ba wanda ya taɓa ƙin jikinsa, sai dai ya ciyar da shi ya kula da shi. Har a nan ma kula da kai ne aka ɗauka a matsayin abin da kowa ya sani, aka gina umarnin a kansa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ikilisiyar Arewa da kanta ta ginu ne a kan gaya wa waɗanda aka raina cewa su mutane ne. A Garkida an buɗe wurin jinyar kutare a 1929. A ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan suka karɓi aikin kula da kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Mutanen da danginsu suka ware wa ƙwarya da tabarma, a can aka riƙe hannunsu, aka wanke musu gyambo, aka koya musu karatu, waɗansunsu suka koma garuruwansu suna malamai da ma'aikatan jinya. A Gindiri an buɗe makarantar makafi a 1953, a lokacin da abin da jama'a suka tanadar wa yaro makaho shi ne sanda da ƙoƙon bara. Daga nan Bitrus Gani-Ikilama ya fito, ya zama ƙwararren ma'aikacin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. A Jos tun 1992 ake yi wa mata masu yoyon fitsari aiki a cibiyar Evangel, a Danja kusa da Maraɗi kuma an buɗe irin wannan cibiya a 2012. 'Yan mishan suna da nasu kurakurai, waɗansunsu ma sun raina al'adun kakanninmu, amma a wannan fanni sun bi sawun Yesu sosai.

Domin haka shi ya yi. Matar nan da ta shekara goma sha biyu tana zub da jini, ta ƙarar da duk abin da take da shi wurin masu magani, ta lallaɓo ta baya ta taɓa rigarsa tana fatan ta sulale ba wanda ya gan ta. Ta riga ta warke, ga kuma Yayirus, babban mutum, shugaban majami'a, yana tsaye 'yarsa na bakin mutuwa. Duk da haka Yesu ya tsaya ya neme ta, ya saurari labarinta duka, ya kira ta 'yarsa a gaban taron da shari'ar Musa ta hana ta cuɗanya da su. Ya san ciwon jiki ya tafi, amma saura na zuciya. Matar da ta shekara goma sha takwas a tanƙware kuwa, da shugaban majami'a ya yi fushi don an warkar da ita ran Asabar, Yesu ya kira ta 'yar Ibrahim. Ya ba ta sunan da manyan gari suke taƙama da shi.

Mu fa, yaya muke yi da wadda ta faɗi? Yarinya ta yi ciki ba aure, dattawa su zauna, a sanar a gaban jama'a, a sa ta a horo, ta koma bencin baya. Sau da yawa wanda ya yi mata cikin ya bar gari, ko kuma iyayensa masu faɗa a ji ne, maganarsa ta bi ruwa. Ban ce a daina horo ba, ikilisiyar da ba ta iya cewa zunubi zunubi ne ta mutu. Amma bayan wata shida ko shekara an maido ta, an yi addu'a an tafa, shin an maido ta da gaske? Shekara goma bayan nan in ta ɗaga hannu za ta yi magana a taron mata, sai wata ta taɓa ta kusa da ita. In saurayi ya fito neman aurenta, sai a sami mai zuwa ya ba iyayensa labari. Ita ma ta karɓi hukuncin, ta zauna a bencin baya na zuciyarta har tsufa. Ɗan nan da ya lalatar da dukiyar ubansa a Luka 15 ya shirya jawabi mai gaɓa uku: na yi zunubi, ban isa a kira ni ɗanka ba, ka mai da ni kamar ɗaya daga cikin barorinka. Uban ya saurari tuban, amma kafin a kai ga maganar zama bara ya riga ya aika a kawo riga mafi kyau da zobe da takalma. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, aka ba shi kiwon tumaki. Mai tuban da ya ƙi yafe wa kansa abin da Allah ya yafe, ya sa hukuncinsa sama da na Allah, kuma mu da muke ta tuna masa muna taya shi wannan kuskure.

Matasa kuma ta wata ƙofar ake shigo musu. Su ba a ce musu tsutsotsi ba, an ce musu 'ya'yan Sarki ne, amma an ɗaura shaidar hakan a kan mota da biza da ranar aure. Lokacin ba da shaida ya zama na lissafin abin da aka samu. Yaron da ya gama digiri da bautar ƙasa, shekara da shekaru yana yawo da takardu, yanzu yana acaɓa ko yana cajin waya a bakin titi, yana zaune yana ji. Abin da yake ɗauka ya tafi da shi gida shi ne Allah ya tsallake shi. Budurwar da ta haura talatin, kowace Lahadi sai an ce mata "saura ke", har ta fara jin kunyar zuwa sujada. Wannan wa'azi da na raina kai uwarsu ɗaya, domin dukansu sun cire darajar mutum daga hannun Allah sun rataya ta a wani wuri. Sakamakon kuwa muna ganinsa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 a Najeriya suna ta'ammali da ƙwayoyi. A 2023 hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna ta ce shafe-shafen man bilicin ya kai matsayin matsalar gaggawa ta lafiya a ƙasar. Ba kowane mai shaye-shaye ne raina kai ya kai shi ba, amma yarinyar da ke ƙone fatar da Allah ya ba ta da sinadari don a ce tana da kyau, wani ne ya fara gaya mata cewa yadda take bai isa ba, mu kuma ba mu riga shi gaya mata akasin haka ba.

Har harshenmu ma abin ya shafa. Akwai matasan da ke jin sujadar Hausa ta tsofaffi ce da marasa ilimi, ta Turanci ce ta wayayyu. Bahaushe Kirista kuma yana shan tambaya ta ɓangare biyu, a gida a ce ya bar asalinsa, a Kudu a yi mamakin wai akwai irinsa. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kakanninmu sun yi addu'a da ita an amsa musu. Ba wanda ya kamata ya sunkuyar da kai don da ita yake kiran Allah.

Yawancin wannan ciwo a tsakar gida yake farawa. "Daƙiƙi." "Ba za ka taɓa zama kome ba." "Dubi ɗan wane." Muna faɗa muna cewa tarbiyya ce, muna jin tsoron in an yabi yaro kansa zai kumbura. Bulus ya gargaɗi iyaye maza a Kolosiyawa 3:21 kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. A bakin Urdun, kafin Yesu ya yi wa'azi ko ɗaya ko ya warkar da kowa, murya ta zo daga sama ta ce wannan ƙaunataccen Ɗana ne, ina farin ciki da shi ƙwarai. Uban da ya iya tsawatarwa ya kamata ya iya wannan ma, a gaban mutane, ba sai ranar da yaro ya zo na ɗaya ba.

Akwai kuma waɗanda raina kai ya kai su bakin rami. Annabi Iliya, bayan nasarar Dutsen Karmel, ya gudu jeji ya zauna ƙarƙashin wani itace ya roƙi mutuwa, ya ce ya isa haka, bai fi kakanninsa ba. Allah bai ce masa ina bangaskiyarka ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da waina da tulun ruwa, ya ci ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci. Sai daga baya aka yi magana da shi, aka sanar da shi akwai mutum dubu bakwai da ba su durƙusa wa gunkin Ba'al ba, aka kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya. Mu kuwa in ɗan'uwa ya ce rayuwa ta ishe shi, sai mu ce aljani ne, mu ɗora masa azumin kwana bakwai a kan jikin da dama ba ya cin abinci. Addu'a wajibi ce, amma ciwon damuwa ciwo ne da ake jinyarsa, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, kuma raka mutum can aikin ikilisiya ne kamar raka mai naƙuda. Sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, abin da ke sa iyalai su ɓoye maimakon su nemi taimako. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Ina so in ga shugabannin ikilisiyoyin ECWA da COCIN da EYN da HEKAN da Katolika da Angilikan sun sa baki a fili don a daina ɗaukar mai irin wannan ciwo a matsayin mai laifi, makarantun horar da fastoci kuma su koya wa ɗalibansu gane alamunsa da sanin lokacin da za su ce wa mutum, "Tashi mu je asibiti, zan raka ka."